Wasan Kotun da Bai Kai Ƙarshe Ba: Maki Nawa Ya Cancanta?

Malam Bashir:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu tantance wasannin gasa. Wasa ɗaya ya rage mana, na bakwai a jerin, wanda aka gina a Ace Attorney Online, shafin intanet da mutane ke gina nasu wasannin kwamfuta na kotu irin na Ace Attorney, inda mai bugawa ke zama lauya mai kare wanda ake tuhuma. Mai shi ya tsara kashi huɗu: bincike na farko, zaman kotu na farko, bincike na biyu, sai zaman ƙarshe. Abin da ya iso hannunmu kashi biyu ne cikakku da rabin na uku, tare da takarda mai shafi biyu da ya bayyana yadda labarin zai ƙare. Dokar gasa ta yarda a shigo da aikin da bai kammala ba, muddin akwai zaman kotu guda da za a iya bugawa daga farko har ƙarshe. Don haka maganar kora ba ta taso ba, maganar maki ce.

Rabon da muke aiki da shi kun san shi: dabarar shari'a 35, rubutu da halayen mutanen labari 25, zane da sauti 15, ingancin gini 15, kammaluwa 10. Wurin da na tsaya shi ne 35 ɗin nan. Mun raba shi gida biyu, 20 na saɓanin da mai bugawa ke tonowa daga bakin masu shaida, 15 na warwarar sirrin baki ɗaya. To wanda bai kai ga warwara ba, me za a ba shi a cikin 15? A ganina sifili. Ina sauraronku.

Nafi'u:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a je ga 15, a fara ba shi haƙƙinsa a 20, domin zaman kotunsa ya fi na duk sauran shida. Ga yadda ya gina shi, ga wanda bai buga ba tukuna.

An tsinci gawar mai otal a ɗakin sanyi inda ake ajiye nama. Ana tuhumar kuku. Rahoton likita ya ce an kashe shi tsakanin ƙarfe 9 da 10 na dare, da duka ɗaya a ƙeya. Maigadi ya shaida cewa ya ga kuku yana fitowa daga ɗakin da ƙarfe 9:30, fitilar baranda na haska fuskarsa. A kundin hujjoji akwai takardar da ta nuna an ɗauke wuta daga 9:15 zuwa 9:50. Saɓani na farko ke nan, kuma mai sauƙi ne: babu wuta, ina fitila? Ka gabatar da takardar a jimla ta uku ta shaidarsa, maigadi ya rikice.

Sai ya gyara shaidarsa. Ya rantse fitila na kunne, kuma ya san lokacin ne saboda ya duba agogon bango na baranda. Nan ne gwanintar take. Hoton da 'yan sanda suka ɗauka an rubuta a bayaninsa ƙarfe 11:00, amma agogon da ke cikin hoton yana nuna 10:25. Agogon lantarki ne, ya tsaya da aka ɗauke wuta, ya ci gaba daga inda ya tsaya da aka dawo da ita, ya zama yana baya da minti 35. Ke nan lokacin da ya nuna 9:30, ainihin lokaci 10:05 ne, bayan wa'adin da likita ya bayar ya wuce. Maigadi bai yi ƙarya ba, agogo ne ya yaudare shi. Duk abin da ake buƙata yana hannun mai bugawa tun kafin a shiga kotu. Ni 19 zan ba shi cikin 20.

Anti Rabi:
Nafi'u, na yarda dabarar agogon ta yi kyau, amma 19 ta yi yawa. Koma shaida ta farko. Mai bugawa da ya lura da agogon tun a bincike zai gabatar da hoton a jimla ta uku, yana nufin agogo ya makara don an ɗauke wuta. Wasan ya ci shi tara, ya jefo masa amsar nan ta kowa da kowa da alƙali ke cewa bai ga alaƙa ba. Wanda ya fi kowa lura shi aka hukunta. Wannan aibi ne babba a irin wannan wasa.

Nafi'u:
Anti, ai hoton bai isa hujja a wurin ba. Yana nuna an ɗauke wuta na minti 35, bai nuna yaushe ba. Tana iya yiwuwa da rana aka ɗauke. Takardar ce kaɗai ta ɗaure lokacin.

Anti Rabi:
Daidai ne, ƙin karɓar hoton ba kuskure ba ne. Yadda aka ƙi shi ne kuskuren. A editan, wato wurin da ake gina wasan, kowace jimla ta shaida kana iya haɗa mata hujja fiye da ɗaya, kowacce ta kai ka firam ɗinta daban (firam shi ne allo ɗaya na magana a wasan). Firam huɗu sun isa: lauya ya nuna agogon, mai gabatar da ƙara ya ce wannan bai faɗi lokacin ɗaukewar ba, mataimakiyar lauya ta raɗa masa cewa a nemo abin da ya faɗi lokacin, a mayar da shi kan shaidar ba tare da tara ba. Mai bugawa ya san hanyarsa daidai ce, kawai ya yi gaggawa. Yanzu kuwa an koya masa cewa hoton ba shi da amfani, alhali minti goma gaba shi ne amsar. Da yawa za su guje shi a shaida ta biyu saboda ya riga ya ƙone su. Wannan ya rage darajar saɓanin da kake yabo. Ni 16.

Yaya Habu:
Akwai abu na biyu a gefen Rabi. Shaida ta biyu jimla shida ce, kuma maganar agogon ba ta fito sai ka matsa wa maigadi a jimla ta huɗu. Wannan halal ne, haka wasannin Ace Attorney na asali, na kamfanin Capcom, ke yi tun na farko da ya fito a Game Boy Advance a 2001. Amma a can idan matsi ya fito da sabuwar magana mai nauyi, alƙali yakan ce a saka ta cikin shaida, ta zama jimlar da ido ke gani. A nan maganar ta wuce a cikin hira kawai, sai ka gabatar da hoton a kan jimlar da ba ta ambaci agogo ba ko kaɗan. Gyaran bai da wuya: a ɓoye jimla ta bakwai tun farko, a bayyana ta bayan matsi. Na tsaya a 17.

Sai dai ina so a lura da abin da ya biyo baya, don ya cancanci yabo. Da lauya ya fitar da kuku daga wa'adin, mai gabatar da ƙara ya zaro sabon rahoton likita da ya tura wa'adin zuwa 10:30. Masu yin irin waɗannan wasanni sun cika kwaikwayon wannan dabara daga shari'a ta biyu ta wasan farko, inda mai gabatar da ƙara Miles Edgeworth ya yi haka, kuma yawancinsu sukan jefo ta ba dalili. A nan akwai dalili. Gawa a ɗakin sanyi tana hucewa da sauri fiye da a ɗaki na yau da kullum, don haka wanda ya auna zafinta bai yi la'akari da sanyin ba zai ɗauka ta daɗe da mutuwa. Gyaran dole ya tura lokacin gaba, ba baya ba, kuma gaba ya tura shi. Mai wasan ya yi tunani.

Malam Bashir:
To 17 ta zauna, sai in akwai mai ja. Mu dawo kan 15.

Zainabu:
Malam, da izininku, sifili bai yi mini adalci ba. Mun riga mun ware maki 10 na kammaluwa, a can zai yi asara. In kuma muka hana shi 15 gaba ɗaya, laifi ɗaya aka yi masa bulala biyu. Dokar gasa ce ta ce ya kawo takardar ƙarshen labari. In ba za mu karanta ta mu ba ta maki ba, don me aka nema?

Malam Bashir:
Tambayarki na kan hanya, Zainabu. Ga dalilina. A takarda kowa gwani ne. Rubuta cewa a zaman ƙarshe lauya zai tona asirin mai laifi da makulli layi ɗaya ne. Gina shi kuwa shaida uku ce ko huɗu, kowacce da jimlolinta, da matsin kowace jimla, da amsar kuskure, da tabbatar da cewa babu wata hujja cikin sha ɗayan da ke kundin da za ta rusa shaidar tun kafin lokacinta. A nan ne wasanni ke faɗuwa. Na uku a jerinmu ya kammala, kuma mun rage masa maki shida saboda zaman ƙarshensa ya yi rauni. Da ya tsaya a rabi ya aiko mana takarda mai daɗin karatu, da ba mu ga raunin ba. In muka ba takarda maki kamar aikin da aka gina, mun koya wa masu shiga gasa ta gaba cewa rashin ƙarasawa ya fi riba.

Anti Rabi:
Ku biyun kowa na da gaskiya a gefe. Amfanin takardar a wurina ɗaya ne: ma'auni ce da za a gwada abin da aka riga aka gina da ita. Ba za mu tambayi ko ƙarshen na da daɗi ba, tunda ba mu gan shi ba. Za mu tambaya: abin da takardar ta ce zai faru, an shuka shi a kashi biyu da rabin da muka buga? Wannan ana iya dubawa firam bayan firam, ba hasashe a ciki.

Na bi takardar na fitar da ginshiƙai huɗu da ƙarshen ya dogara a kansu. Ɗaya, mai kisan ƙanen mai otal ne, wanda ya zo garin a ɓoye. Biyu, yana da makulli na biyu na ɗakin sanyi. Uku, dalilinsa rikicin gado ne a kan otal ɗin. Huɗu, akanta ta san da zuwansa ta rufa masa asiri.

Na huɗu an shuka shi da kyau. Akanta tana daburcewa duk lokacin da aka ambaci littafin baƙi, kuma an yage shafi ɗaya daga littafin, mai bugawa na gani da idonsa. Na uku akwai ɗan alama, wasiƙar lauya a kan tebur da ba a bari ka karanta ba. Na biyu kuwa matsala ce ta gaske. Buɗe kundin hujjoji ka karanta bayanin makullin: an rubuta cewa shi kaɗai ne makullin ɗakin. Ba a ce inji kuku ba, ba a ce inji 'yan sanda ba. A wannan salo, rubutun kundi muryar wasan ce da kansa, mai bugawa yana ɗaukarsa gaskiya tsantsa yana gina tunaninsa a kai. Mai shaida na iya ƙarya, kundi ba ya yi sai an nuna daga bakin wa maganar ta fito. Ranar da makulli na biyu ya bayyana, wasan ne ya yi wa mai bugawa ƙarya. Kalma biyu za su gyara shi, a ƙara "inji manaja", amma a yadda aka miƙo shi, haka yake.

Na ɗaya kuma ban ga ƙanen ko'ina ba. Tun 1929 marubuci Ronald Knox ya jera ƙa'idoji goma na labarin bincike, ta farkonsu ita ce mai laifi ya zama wanda aka ambata tun farkon labari. Ba dole ne kowa ya bi Knox ba, amma wannan ɗaya tana da dalili: in mai laifi baƙo ne da ya faɗo a rana ta biyu, duk zargin da mai bugawa ya yi ta juyawa a ransa a rana ta farko ya tashi a banza.

Ummi:
Anti, ƙanen yana nan. A ofishin mai otal akwai hoto a jikin bango, gefen hagu na taga. In ka taɓa shi, lauya yana cewa marigayin ne da wani mai kama da shi sosai, sai mataimakiya ta lura an juya hoton ya ɗan kalli bango. Firam biyar ne.

Anti Rabi:
Ban ci karo da shi ba. A wane mataki yake fitowa?

Ummi:
Sai ka shiga ofis kafin ka gama hira da akanta. Da zarar ka ƙare batunta na ƙarshe, wasan yana ɓoye ofis daga jerin wuraren zuwa ya tura ka wurin maigadi. Akanta kuma a zauren karɓar baƙi take, wurin da ake fara sauke ka, don haka kusan kowa da ita zai fara. Wasiƙar lauya da kika gani ana nuna ta ne a hirar akanta, shi ya sa ba a rasa ta. Hoton bangon kuwa ba a ɗaura komai a kansa ba.

Yaya Habu:
To wannan ya canza lissafi, amma ba sosai ba. Alamar da ƙarshen labari ya dogara a kanta ba a barinta ga sa'a. Yadda ake yi: kowane abu na dole a wurin bincike yana da alamar da injin ke ajiyewa in an taɓa shi, sannan firam ɗin da ke rufe wurin ya duba ko duk alamomin sun cika kafin ya bari a wuce. Mai wasan ya san wannan, don ya yi shi a ɗakin sanyi, inda sai ka duba gawa da ƙofa da ma'aunin sanyi kafin a sake ka. A ofis ne bai saka hoton a cikin sharaɗin ba. Niyyar adalci tana nan, aiwatarwar ce ta gaza. Rabin maki.

Nafi'u:
Yaya, in ana maganar Knox, ku tuna salon nan ba kullum yake ɓoye mai laifi ba. Shari'ar farko ta wasan 2001 tun a buɗewa ake nuna maka wanda ya yi kisan, daɗin yana wurin yadda za ka kama shi a gaban alƙali. Ko ƙanen ya zo a makare, in titsiye shi ya yi armashi, wasan ya ci.

Yaya Habu:
Gaskiya ne, sai dai wannan hujjar ta Malam Bashir ce, ba taka ba. In armashin yana wurin titsiyewar, titsiyewar ce ba a gina ba. Ba mu da abin aunawa.

Zainabu:
To ga shawara. A cikin 15, a ware 5 kacal a matsayin iyakar abin da wasan da bai kammala ba zai iya samu, kuma a bayar da su ne bisa alamomin da muka taɓa da hannunmu a cikin wasan. Sauran 10 na ginannen ƙarshe ne, babu shi babu su. Da haka wanda ya kammala bai yi asarar ƙoƙarinsa ba, wanda ya shuka alamu da gaskiya kuma an bambanta shi da wanda ya rubuta ƙarshen a daren rufe gasa. A lissafin Anti: akanta cikakke, gado rabi, ƙane rabi, makulli babu. Biyu cikin huɗu ke nan, 2.5 cikin 5. Ina roƙon a cika masa 3 saboda shafin da aka yage, wanda yake aiki biyu, yana nuna akanta yana kuma nuna akwai baƙon da ba a so a sani.

Malam Bashir:
Na karɓi wannan, da sharaɗin a rubuta shi cikin ƙa'idar tantancewa a yi wa na biyar ma haka, tunda shi ma bai ƙarasa ba. Habu, ba mu rahoton gini.

Yaya Habu:
Matsala mafi girma tana binciken farko. In ka nuna wa maigadi tocila kafin ka duba allon mita a bayan kicin, hirar tocilar tana gudana, amma batun "Daren da abin ya faru" ba ya buɗewa, domin firam ɗin da ke buɗe shi yana duba alamar mita sau ɗaya tak, a lokacin nuna tocilar. Ka je ka duba mita ka dawo, ka sake nuna tocila, sai ya kai ka gajeriyar amsar "ai mun yi wannan maganar" wadda ba ta duba komai. Wasa ya cije, babu gaba, sai ka koma inda ka adana ko ka faro daga farko. Gyara: a mayar da dubawar zuwa firam ɗin shiga wurin maigadi, yadda duk shigowa za a sake ta.

Na biyu, kiɗa. Ace Attorney Online ba ya riƙe maka fayilolin da ka kawo daga waje, adireshinsu kake ba shi. Biyu daga cikin waƙoƙinsa adireshinsu ya mutu, ɗaya kuwa ita ce ta lokacin da lauya ya rutsa mai shaida. Saɓanin agogo, wuri mafi zafi a wasan, shiru yake wucewa. Na uku, bangon ofis ba a yanka shi daidai da 256 da 192 na allon ba, an matse shi, fuskokin hoton bangon da Ummi ta ambata ma da ƙyar ake gane su. Sai rubutu da ya zarce akwatinsa a wurare kaɗan a kashi na uku, wanda a bayyane yake ba a bi shi an gwada ba. Tarar kuma ba ta dace ba: kuskure a ƙaramar tambaya yana cin kwatankwacin abin da kuskure a babban saɓani ke ci. Gini 9 cikin 15. Da ba don cijewar ba da 12 ne.

Ummi:
Zane 10. Maigadi da akanta shi ya zana su da kansa, kowanne da hoton magana da na shiru da na firgita, bakinsu kuma yana tafiya daidai da rubutu. Kuku kuwa aron wani ne daga wasannin asali aka sauya wa launin riga, kuma a kusa da sabbin zanen ana ganin bambancin kaurin layi. Tunda shi ne wanda muke karewa, shi ya fi cancantar sabon zane.

Anti Rabi:
Rubutu 19. Maigadi ya fito mutum sosai, dattijo mai alfahari da cewa bai taɓa makara ba, shi ya sa rushewar da ya yi da ya gane agogo ya yaudare shi take taɓa zuciya maimakon ba da dariya. Rauni yana wurin kuku. Sau biyu kawai muka yi magana da shi, bai faɗi abin da ya kai shi ɗakin sanyi da ƙarfe 10:05 ba, lauya kuma bai tambaye shi ba, ko bayan an tashi daga kotu. Kowane mai bugawa wannan tambayar ce a bakinsa. Takardar ƙarshe ma ba ta amsa ta ba, a sa wannan a saƙon da za a aika wa mai wasan.

Malam Bashir:
Kammaluwa: biyu da rabi cikin huɗu zai ba da 6 a lissafin kai tsaye, amma zaman ƙarshe shi ne mafi nauyi a kowace shari'a, don haka 5. Jimla: 17 da 3 da 19 da 10 da 9 da 5, ya kama 63. Zainabu, ki haɗa saƙon mai wasan, ki fara da agogon da rahoton likita, ya san abin da ya yi daidai kafin ya ga jerin gyara. Ki sa masa lambobin firam na cijewar da na rufe ofis.

Zainabu:
To Malam. Abu ɗaya kafin a rufe: wasan yana kan intanet ne, mai shi na iya shiga edita ya gyara a kowane lokaci. Hoton bangon da Ummi ta gani, mu tabbatar yana nan tun ranar rufe gasa, ba bayanta aka ƙara shi ba. Yaya Habu, kwafin da aka ajiye ranar miƙawa yana wurinka?

Yaya Habu:
Yana nan. Zan duba firam ɗin ofis a cikinsa yau da dare in sha Allah. In babu hoton a kwafin, rabin makin ƙane ya fita, 3 ta koma 2, jimla 62.